Rakiyar Luba Ta Biyu

Ko gobe ƙasa za ta rufe mini ido, ba ni mantawa da ranar da wani ɗalibi ya karanto sunan Luba daga cikin waya, a gindin dogon yaron da ke harabar kotunmu, jama'a na zaune suna ji. Ku da kunka kama aiki bayanmu, ku gyara zama in ba ku labarin. Na ga yanzu kowa da waya a hannu, ɗalibai kuma ba su daina zuwa ba, to gara ku ji daga bakin wadda anka yi abin a gabanta.

Ni ce Kulu, jakadiyar kotu. Ban taɓa shiga aji ba, ko na yaƙi da jahilci, kuma ban taɓa sunkuyar da kai don haka ba. Na yi aiki a Talata Mafara tun ina goyon fari har furfura ta rufe mini kai. Ga wanda bai san kotu ba, ga yadda take: a sama akwai alƙali, shi ke yanke hukunci. Ƙarƙashinsa rijistara, mai riƙe da littattafan shari'a da hatimi, shi ne kuma shugaban ma'aikata. Sai akawuna masu rubutu, sai ɗan sanda mai gabatar da ƙara in shari'ar laifi ce, sai masinjoji masu kai sammaci. To masinja namiji iyakarsa zaure. Daga zaure zuwa ɗakin mace, nan nawa aikin yake farawa. Ni ke shiga in yi sallama, in gaya wa mace kotu na nemanta, in jira ta yafa mayafi, in zo da ita. Ni ke zama kusa da ita a benci. In goyonta ya yi kuka tana gaban alƙali, ni ke karɓa.

Wadda ta koya mini aikin, Allah ya jiƙanta, abu ɗaya ta fara sa mini a kunne: wadda kinka ɗauko daga ɗakinta, ke za ki mai da ta. Alƙalin da na fara aiki a ƙarƙashinsa, wani tsohon malami mutumin Bakura, shi ya mai da wannan magana al'ada a kotunmu. Ya ce ranar da anka je ɗauko mace, duk gari ya gani. Ranar da kotu ta wanke ta kuwa, ba wanda ya gani sai mu da muke cikin ɗakin shari'a. Don haka in an wanke mace, ba a sakinta ta koma gida ita kaɗai. Jakadiya za ta raka ta da rana tsaka, ta babbar hanya, ba ta lungu ba. A tsaya ƙofar mai gari in ce, "Kotu ta aiko ni. Wance ba ta da laifi." Sa'an nan a shiga gidanta in sake faɗa a tsakar gida, da ƙarfi, yadda matan maƙwabta za su ji ta kan danga. Wannan shi muke kira rakiya. Ba ya cikin littafin doka, amma ni na san matan da ya tsayar wa aure da sana'a.

Luba na cikinsu. Mutuniyar Tsibiri ce, can ƙasar Maradun, matar wani mahauci. Sana'arta kiwon turke. Mutane na kawo mata raguna ramammu, ta ɗaure su a gida, ta bi su da dusa da harawa da ruwan kanwa, kafin layya sun cika sun yi wuya, a sayar a raba riba. Ba ta da gona, ba ta da shago. Jarinta duka shi ne mutane sun yarda su bar dukiyarsu a hannunta su yi barci. Wata shekara wani dillali ya kai mata raguna biyu, ashe daga nan kasuwar Mafara anka sato su. Mai ragunan ya bi sawu har turkenta, ya kawo ƙara nan. Ni na je na ɗauko ta. An daɗe ana shari'a, daga baya anka kama dillalin, ya faɗi gaskiya da bakinsa cewa ba ta san komi ba. Alƙali ya wanke ta tas. Na raka ta Tsibiri, na faɗa a ƙofar mai gari, na faɗa a tsakar gida. Magana ta mutu. Shekaru sunka wuce, mijinta ya rasu, da kiwon nan take ciyar da marayunta.

To, shekarar da zan aje aiki, raguna na kan turke ana harin layya, Rijistara ya kira ni ofis. Wani sabo ne, bai daɗe da zuwa ba. Ya ce ga ɗalibai daga wata babbar makaranta, suna karatun sanin laifuka da yadda ake hukunta su, za su zauna da mu su ga aiki, in riƙa kula da su. Biyu daga ciki su na fi sabawa da su. Nafisa, 'yar Bakura, mai sanyin magana. Da Mustafa, ɗan cikin garin nan, dogo, bakinsa ba ya hutawa. Tun ranar farko na ce masa, "To mijin nawa, ka zo hannu biyu, ko goro babu?" Ya ce, "Amarya, ki bari in gama karatu, mota zan saya miki." Na ce, "Kafin nan haƙoran da sunka rage sun zube, wa zai yi maka murmushi a motar?" Haka muke yi kullum, irin wasan kaka da jika.

Malaminsu ya ba su aiki, su biyun nan, su yi rubutu a kan mata da shari'ar satar dabbobi. Kafin su rubuta nasu, dole su tattaro abin da waɗansu sunka riga sunka rubuta. Littattafan makarantarsu sun tsufa, in ji su, sai dai intanet. Sabis kuwa ba ya kamawa a cikin ofis, sai a gindin dogon yaron nan, dab da bencin da mata ke zama jiran a kira su. Nan suke yini, kai a sunkuye.

Wata rana na ce wa Nafisa, "Ɗiyata, mi kuke tonowa a cikin abin ga haka?"

Ta ce, "Inna, kamar rumbu ne. Manyan makarantu suna zuba abin da malamansu da ɗalibansu sunka rubuta a ciki. Wani rumbun a buɗe yake, kowa ya ɗiba kyauta. Wani sai makarantarku ta biya a ba ku mabuɗi. Kina rubuta abin da kike nema, sai ya tulo miki."

Na ce, "Masu rumbun suna sheƙe ƙaiƙayi kafin su zuba?"

Ta yi dariya ta ce, "Waɗansu suna yi. Waɗansu kuwa duk abin da anka kawo musu juyewa suke. Shi ya sa malaminmu ya ce mu riƙa duba wa ya rubuta, yaushe, kuma daga ina ya samo."

Na ce malamin ga yana da hankali. Abin ya ma ba ni sha'awa, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar da abin ya faru, benci cike yake da mutanen ƙasar Maradun, sun zo shari'ar gado, da mata 'yan Tsibiri a cikinsu. Ina raba musu ruwa, sai Mustafa ya miƙe da waya a hannu, fuska cike da murna kamar wanda ya tsinci dami a kala. Ya ce, "Amarya, ga kotunku a intanet. Har da garin Tsibiri." Kafin in buɗe baki ya fara karantawa da Turanci yana juyawa da Hausa, da muryar nan tasa da ake ji daga bakin titi. Sunan Luba. Sunan ubanta. Sunan mijinta da sana'arsa. An gurfanar da ita bisa zargin aje wa ɓarayi raguna.

Na ga wata mata ta taɓa ta kusa da ita da gwiwar hannu.

Na aje butar ruwa na ce, "Karanta ƙarshen."

Ya ja yatsa, ya ja, ya ce, "Iyakarsa ke nan. An ce shari'a na gudana."

"Tana gudana zuwa ina? Shari'ar da anka gama tun kana tallar rake? Kotu ta wanke matar ga. Ni na raka ta gida da ƙafafuna."

Ya ce, "To ai ba a rubuta haka ba, Inna."

Na juya ga matan benci na faɗa musu da ƙarfi cewa an wanke ta tuntuni. Sunka ce, "Allah Sarki, haka ne." Amma ni na san irin wannan "haka ne". Na yi shekaru ina jin sa.

Nafisa ta karɓi wayar ta zauna tana bi a hankali. Ita ta gano mana asalin abin. Wani ɗalibi ne da ya taɓa zuwa kotunmu a shekarar shari'ar, irin zuwan da sunka yi. An buɗe masa littafi ya kwafi abin da ya kwafa, kwanakinsa sunka ƙare ya tafi tun ba a yanke hukunci ba. Ya sa a kundinsa na gama karatu, makarantarsu ta juye a rumbu. Bai tsaya nan ba. Ta ce waɗansu ɗaliban a waɗansu garuruwa sun ɗiba daga wurinsa sun sa a nasu. Ta buɗe ɗaya ta karanta mini a hankali. A can, "ana zarginta" ya koma "an same ta da ragunan sata". Ta buɗe wani. A can kuma Luba ta zama misalin matan da ke taimakon ɓarayin dabbobi a ƙauyuka. Mutanen da ba su san ko gabas Tsibiri take ko yamma ba.

Na ce, "Ashe tsegumin bakin rijiya ne anka sa wa rigar Turanci."

Ban tsaya ba sai ofishin Rijistara. Na yi sallama, na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da gajiya, don fushi bai taɓa sa ni zubar da ladabi ba. Sa'an nan na zayyana masa.

Ya saurara yana juya biro. Ya ce, "Inna Kulu, na ji, kuma abin ba daɗi. Amma intanet ba ta cikin hurumin kotun nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, littafin da anka buɗe wa yaron, a hurumin wa yake?"

"Wannan kafin zuwana ne. Kuma shari'a a bainar jama'a ake yin ta, ba asiri ba ce."

"To in ba asiri ba ce, don mi rabinta ya fita duniya, rabin ya kwanta a durowarka?"

Ya ce in wadda abin ya shafa tana da ƙorafi, ta zo da kanta ta nema a rubuce, a ba ta kwafin hukunci. Iyakar abin da tsari ya ba shi ke nan. Na ce ai sai kotu ta aike ni Tsibiri in sake faɗa musu. Sai ya yi 'yar dariya. Dariyar nan ita ta fi ƙona mini rai har yau. Ya ce, "Wai rakiyar nan da nake jin labari? Inna, wannan ai al'adar tsofaffi ce. Ba ta cikin ƙa'idar aiki. Ke da kin kusa hutawa, ki lallaɓa ki gama lafiya."

Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Na fito zuciyata na tafasa kamar tukunyar ɗanwake. Al'adar tsofaffi. Ɗauko mace daga ɗakinta a gaban 'ya'yanta yana cikin ƙa'ida, mai da ta ne ba ya ciki.

Ranar Talata ta kewayo, kasuwa ta cika, sai ga Luba a harabar kotu. Ba wanda ya kira ta. Ta tsufa, ta rame, amma tafiyarta na nan a miƙe. Munka gaisa, munka tambayi juna gida da yara da zafin rana. Ta zauna a bencin nan da ta taɓa zama shekarun baya.

Can ta ce, "Yaya Kulu, Alhaji Bawa ya aiko an kwance ragunansa."

Alhaji Bawa babban mahauci ne a Maradun, shi ke kawo mata mafi yawan abin da take kiwo. Ta ce bayan nasa, waɗansu ma sun zo sun kwance. Kowa da uzurinsa. Wannan ya ce ɗansa zai kiwata, wancan ya ce sayarwa zai yi. Ba wanda ya faɗa mata a ido. A bakin ɗiyarta ta ji, ita kuma a wurin niƙa: wai gwamnati ta sa sunan Luba a waya cikin masu aje wa ɓarayi dabbobi.

Kun san zamanin da muke ciki. A ƙasar nan yau, a ce mutum yana aje wa ɓarayi dabbobi, ba sana'arsa kaɗai anka kashe ba. An rataya masa abin da ka iya cin ransa.

Ta dube ni ta ce, "Ke kinka raka ni, Yaya Kulu. Ke kinka ce an wanke ni. Ashe wankin naku yana da wa'adi?"

Na sha zagi a aikin nan, na sha kuka, an taɓa watsa mini ruwan tsari a wani gida. Ba abin da ya taɓa sukana kamar wannan tambaya.

Nafisa na tsaye bayanmu ta ji komi. Ta durƙusa ta gaida Luba, ta ce akwai abin da za a iya gwadawa. Masu rumbun suna da adireshi. In an aika musu shaidar hukunci, ana iya roƙonsu su cire sunan. Munka shiga da Luba wurin Rijistara, ta dangwala yatsa, anka ba ta kwafin hukuncinta. Nan kam bai ja ba, in faɗi gaskiyarsa. Nafisa ta ɗauki hoton takardar, ta zauna gindin bishiya tana rubuta wa masu rumbunan ɗaya bayan ɗaya, da datarta. Malaminsu ma da ya ji, ya sa hannu a wasiƙar. Amma ta gaya mini tun farko, "Inna, ba duka za su amsa ba. Kuma wanda ya riga ya kwafa ya aje a wayarsa, ba mu da hanyar kai wa gare shi."

Na ce, "To su Alhaji Bawa fa? Su ma wasiƙar Turanci za ki aika musu?"

Ta ci gaba da rubutunta.

Shi kuwa Mustafa, tun ranar da abin ya faru ban sake ce masa mijina ba. In ya gaishe ni sai in ce, "Lafiya, Malam Mustafa." Ya gane. Ranar nan na kira shi na ce, "Bakin da ya faɗa a gaban 'yan Tsibiri, shi zai je Tsibiri ya warware."

Ya ce, "Inna, ni fa ba ni na rubuta ba. Samu na yi. Aikinmu ke nan, mu nemo abin da anka rubuta."

Na ce, "Wanda ya ɗebo garwashi a maƙwabta ya zubar a kan dangar mutane, ba ya cewa ba shi ya hura wutar ba. Malaminku ya ce ku duba wa ya rubuta, yaushe, daga ina. Ka duba kafin ka buɗe baki?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "In na je za su yi mini dariya."

"Za su yi. Ita kuma fa, mi ake yi mata yanzu?"

Na nemi iso wurin Alƙali. Shi ma matashi ne, amma mai natsuwa. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina neman izinin rakiya." Ya sa na ba shi labarin al'adar tun daga tushe, don bai taɓa ji ba. Da na gama ya ce, "Inna, ba ni da dokar da ta ce in aike ki. Ba zan iya cewa ki yi magana da sunan kotu ba." Na ji raina ya sake ɓaci. Sai ya ƙara da cewa, "Amma hukuncin nan na kotu ne, kuma a hannun mai shi yake. Duk wanda ta ba ya karanta, ya karanta. Gobe ba ni da shari'ar mata."

Na fahimta: gobe ba a buƙatata a kotu, in zan je in je da ƙafata. Ba haka na so ba. Na so a ce kotun da ta ɗauko ta, ita ta aike ni da bakinta. Amma in ba a samu tuwo ba, ba a zubar da kunu.

Washegari munka shiga mota, ni da Nafisa da Mustafa. Munka sauka Tsibiri da hantsi, munka fara zuwa gidan Luba don mu ɗauke ta a yi tafiyar tare, kamar wancan karo. Munka ishe ta zaune a kan turmi kusa da turakunta. Igiyoyi a yashe a ƙasa, kwanonin dusa a kife. 'Yan raguna kaɗan sunka rage, na wata maƙwabciya da nata na kanta.

Na ce, "Luba, yafa mayafinki mu tafi ƙofar mai gari."

Ta ce, "A'a, Yaya Kulu. Na yi wannan tafiya sau ɗaya, gari na kallona. Ban ƙara yin komi ba tun daga ranar. Wanda ya yi sabon abu shi ya yi sabuwar tafiya. Ni ina nan gidana."

Ta miƙa wa Mustafa takardar hukuncin, ba ta ko dubi fuskarsa ba.

A duk shekarun aikina ban taɓa yin rakiya ba tare da wadda ake rakawa ba. Na tsaya ina tunani, sai na ga ta fi ni gaskiya. Munka fita mu uku, ta babbar hanya, Mustafa a gaba.

A ƙofar mai gari akwai dattawa a kan tabarmi. Munka gaisa gaisuwa mai tsawo. Jama'a sunka fara taruwa, don an ga baƙi da jakadiya, kuma an san ni a garin. Na ce, "Yau ba kotu ta aiko ni ba. Ƙafata ta kawo ni. Wanga ɗalibi yana da magana." Mustafa, mai bakin nan da ba ya hutawa, sai ga shi yana magana a hankali. Ya ce shi ne ya karanta maganar a kotu. Ya ce abin da ke cikin waya ba gwamnati ta sa ba, wani ɗalibi ne irinsa ya rubuta rabin labari ya tafi, waɗansu sunka kwafa sunka ƙara gishiri. Ya ɗaga takardar ya nuna hatimi, ya karanta hukuncin da Hausa daga farko har ƙarshe.

Wani saurayi daga baya ya ce, "To ai har yanzu yana cikin wayar. Ni na gani da idona."

Nafisa ta ce, "Yana ciki, Malam. Ƙarya ma tana shiga waya. Wanda ya sa shi bai tsaya ya ga ƙarshen shari'ar ba."

Wani tsoho ya ce, "Kai yaro, da kunka je makaranta, karatun rabin magana ake koya muku?" Anka yi dariya. Mustafa ya shanye. Mai gari ya ce shi yana nan ranar rakiyar farko, ya ji da kunnensa, kuma yau ya sake ji. Ya ce a gaya wa wanda ba ya nan.

Munka koma gidan Luba. Mustafa ya tsaya a tsakar gida, da izininta, ya sake faɗa da ƙarfi, matan maƙwabta na leƙe ta kan danga. Da ya gama ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yafe mini." Ta daɗe tana kallon turakunta. Sa'an nan ta ce wa ɗiyarta, "Kawo wa baƙi ruwa." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya isa.

A mota muna dawowa, na zauna kusa da Mustafa. Na ce, "Mijin nawa, motar da ka yi mini alkawari, wannan ce mai ƙofa ɗaure da igiya?" Ya yi dariya har da share ido.

Kada ku zaci komi ya koma daidai. Waɗansu sun mai da ragunansu kafin layya. Alhaji Bawa bai mayar ba, ba a wannan shekara ba, ba a ta gaba ba. Na aika masa, ya ce shi bai ce ta yi komi ba, amma dukiya ba ta son abin da ake faɗa. Layyar nan Luba ba ta sami rabin abin da ta saba samu ba. Cikin masu rumbun, makarantar ɗalibin farko ta amsa, ta cire sunan. Waɗansu ko kallo. Nafisa ta rubuta nata kundin, ta kawo shari'ar daga farko har wankewa, ta ce "wata mata a wani ƙauye", ba suna ba gari. Ta karanta mini kafin ta miƙa. Bayan na aje aiki ta zo gaishe ni, na ce ta duba mini. Ta duba. Akwai rubutun da ke nan a rumbu har yanzu, da sunan Luba da sunan ubanta, yana jiran ɗalibi na gaba ya tsinta ya yi murna.

Shi ya sa har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ba da ɗalibai nake ba, neman ilimi suke, kuma na ga amfanin rumbun nan da idona, don da shi Nafisa ta bi sawun ƙaryar har gidanta. Da mu nake, ma'aikatan kotu. Mu muke buɗe littafi. A wurinmu shari'a lamba ce da shafi, a wurin ɗalibi misali ce da zai sa a kundi ya ci jarrabawa, amma a can ƙauye mace ce zaune kan turmi tana kallon igiya ba rago. Aikin ga ya koya mini cewa zargi yana da ƙafa, shi ke kai kansa ko'ina. Wankewa kuwa gurguwa ce, sai an goya ta an kai.

Don haka in ɗalibi ya zo muku da waya yana murna ya samo wani abu, ku ce ya karanta ƙarshen, kuma ya karanta a zuci tukuna. In kun buɗe masa littafi, ku rufe suna da tafin hannu, kada kuma ku bar shi ya tafi da farkon shari'a ba ƙarshenta. Ni ƙafafuna sun gaji, ba su ƙara zuwa Tsibiri. Ku kuwa yanzu da yatsa kuke ɗauko mutum daga ɗakinsa. To ƙa'idar ba ta sake ba: wanda kunka ɗauko, ku mai da shi gida.